"Up Where We Belong": tambayoyi da amsoshi kan waƙar fim da aka so a yar da ita

Duk wanda ya taso da sauraron tsofaffin waƙoƙin Turawa a rediyo da daddare, ko ya taɓa mallakar kaset ɗin nan na waƙoƙin soyayya da ake haɗawa gefe biyu, da wuya a ce bai taɓa jin wannan waƙa ba, ko da bai san sunanta ba. Piyano ne ke buɗe ta, mace ta shigo da murya garau, can sai wani namiji ya karɓa da wata irin dasasshiyar murya kamar wanda ya kwana yana tari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace waƙa ce, kuma su wa suka rera ta?

Sunanta "Up Where We Belong", ma'ana can sama inda ya dace da mu. Joe Cocker, Bature ɗan Ingila, da Jennifer Warnes, Ba'amurkiya, su suka rera ta a 1982 domin fim ɗin An Officer and a Gentleman. Kamfanin Island ne ya fitar da faifan, Stewart Levine kuma shi ya jagoranci ɗaukar ta a situdiyo. Tsawonta wajen minti huɗu ne.

Me ake nufi idan an ce waƙar rok ce mai laushi?

Rok na asali kiɗa ne mai hayaniya, jita na kuka, ganga na dukan ƙirji. Mai laushin kuwa ya ɗauki kayan kiɗan nan ne ya sassauta musu, ya ba piyano gaba, ya rage gudu, ya bar murya ta fito fili. Irin wanda gidajen rediyon Amurka suka riƙa sa wa manya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka wuce shekarun tsalle-tsalle amma ba su daina jin waƙa ba.

Wane labari fim ɗin yake bayarwa?

Richard Gere ne jarumin, ya fito a matsayin Zack Mayo, saurayin da ya taso hannun uba mashayi, sojan ruwa, bayan mahaifiyarsa ta kashe kanta. Ya girma a kusa da sansanin sojan Amurka a Filifins, bai yarda da kowa ba, kansa kawai ya sani. Sai ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa masu tuƙa jirgin sama, horon mako 13, inda ya faɗa hannun wani saja mai suna Foley wanda ba ya wasa. Louis Gossett Jr. ne ya fito a wannan matsayi.

A garin akwai masana'antar takarda, kuma 'yan matan da ke aiki a cikinta an san su da farautar ɗaliban makarantar, ko Allah zai sa a dace da mijin da zai fitar da su daga talauci. Debra Winger ce Paula, ɗaya daga cikinsu, sai dai ita da gaske take son Zack. Taylor Hackford ne darakta, Douglas Day Stewart ya rubuta labarin. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙi ba da haɗin kai, don haka aka ɗauki yawancin fim ɗin a wani tsohon sansani, Fort Worden, da ke garin Port Townsend a jihar Washinton.

A ina waƙar ta shigo cikin fim ɗin?

A ƙarshe, kuma nan ne duk maganar take. Zack ya gama horo, ya zama hafsa. Sai ga shi cikin fararen kayan soja tas, ya shigo masana'antar, injina na ta ruri, ma'aikata sun bar abin da suke yi suna bin sa da kallo. Paula ta ba shi baya, tana aikinta, ba ta san ya shigo ba. Ya zo ta bayanta, ta juyo, ya sungume ta cak ya nufi ƙofa da ita, abokan aikinta suna tafi. Kafin su fita ta cire hularsa ta ɗora a kanta, hoton ya tsaya a nan.

Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne, lokacin da yake tafe cikin masana'antar kiɗan ne kawai ke tashi, babu murya. Muryoyin suna shigowa ne sa'ad da sunayen ma'aikatan fim suka fara hawa allo, lokacin da 'yan kallo ke miƙewa suna neman ƙofa. Wato da waƙar suke fita daga sinima, tana kunnensu har gida.

Shi kansa Gere bai so wannan ƙarshe ba da farko. Gani yake ya yi zaƙi da yawa ga fim ɗin da ke cike da zagi, da duka, da mutuwar aboki. Ya sha faɗa daga baya cewa sai da ya ga wurin an ɗora masa kiɗa sannan ya sakankance. Ni ma ina ganin da gaskiyarsa ta farko: ka kashe sauti ka kalli wurin, za ka ga wani mutum ne kawai ya shigo wurin aikin mutane ya ɗauke ma'aikaciya ana tsakiyar aiki. Kiɗan ne ya mai da shi abin da ake share hawaye a kai.

Wa ya rubuta ta?

Mutum uku. Jack Nitzsche shi aka ba aikin kiɗan fim ɗin gaba ɗaya. Tsohon hannu ne: ya yi wa Phil Spector tsarin kiɗa a shekarun 1960, ya yi aiki da Rolling Stones da Neil Young, shi ya yi kiɗan fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest. Yana neman sautin da zai zama ƙashin bayan fim ɗin, sai Buffy Sainte-Marie, mawaƙiyar da suka yi aure a wannan shekara ta 1982, ta kaɗa masa wani sauti da take ta juyawa a ranta. Daga nan amshin ya samo asali.

Kalmomin kuwa Will Jennings ne ya rubuta, mutumin Texas wanda ya taɓa koyar da Turanci a jami'a kafin ya koma rubuta waƙa. An nuna masa fim ɗin tun ba a gama tace shi ba, ya ɗauki sautukan da ya ji a ciki ya ɗinke su wuri guda, ya ɗora baitoci. Shi ne dai daga baya ya rubuta kalmomin waƙar fim ɗin Titanic ta 1997 da Celine Dion ta rera. Ya rasu a 2024.

Me baitocin suke cewa?

Ba irin waƙar "idonki kamar madara" ba ce. Babu yabon kyau ko ɗaya a ciki. Tana farawa ne da cewa ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar, hanya doguwa ce, akwai duwatsu a gaba, amma kullum ana ɗan taka mataki ɗaya. Amshin kuma roƙo ne: so ya ɗaga mu sama, can inda mikiya ke kuka a kan tsauni, nesa da duniyar da ke ƙasa.

Idan ka tuna su wa ke cikin fim ɗin, sai maganar ta zauna daram. Yaron da ba shi da gata yana so ya tuƙa jirgin yaƙi, yarinyar da uwarta ta tsufa a masana'anta tana tsoron ita ma nan za ta tsufa. "Sama" a wurinsu ba ado ba ne na magana, fita ce daga inda aka haife su. Jennings ya ce shi ma ɗan talakawa ne, mutanen da ke fafutukar nan yake gani lokacin da yake rubutawa.

Yaya aka yi aka haɗa waɗannan muryoyi biyu da ba su yi kama ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗin amsawa. Warnes aka fara kawowa. An haife ta a Seattle a 1947, ta girma a Kalifoniya, ta yi amshi ga Leonard Cohen shekara da shekaru, ta kuma yi tashe a 1977 da "Right Time of the Night". Ta riga ta rera waƙar fim ɗin Norma Rae wadda ta ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, don haka ba baƙuwa ba ce a harkar. Amma Hackford ya yi ɗari-ɗari da ita, yana ganin muryarta ta cika laushi ga fim mai kaushi irin nasa.

Sai aka kawo shawarar a yi ta mutum biyu, kuma Warnes ce ta ambaci Cocker. Ta gan shi a bikin Grammy, na karrama mawaƙa a Amurka, a farkon 1982 yana waƙa tare da ƙungiyar Crusaders, abin ya tsaya mata a rai. Da Hackford ya auna, sai ya ga ai Zack da Paula ke nan a cikin sauti: ɗaya duk tabo, ɗaya mai haƙuri.

Cocker a lokacin tauraronsa ya dusashe. An haife shi a Sheffield a 1944, garin ƙarafa, ya fara rayuwa yana gyaran bututun gas. A 1968 ya ɗauki waƙar Beatles, "With a Little Help from My Friends", ya sake mata kama har ta kai lamba ɗaya a Birtaniya, ya kuma girgiza taron Woodstock da ita a 1969. Bayan haka giya da ƙwaya suka cinye masa yawancin shekarun 1970. Ya ɗan farfaɗo a 1975 da "You Are So Beautiful", sannan aka sake jin shiru. Duk wannan wahala tana cikin maƙogwaronsa, kuma ita ce ta yi wa waƙar rana.

Ka sa abin ji a kunne ka saurari minti na farko. Warnes tana tafiya a kan layi, kowace kalma a wurinta. Da Cocker ya shigo da maganar tsawon hanya, sai ka ji kamar wanda ya taka hanyar da ƙafarsa yake ba ka labari, yana ɗan makara a bayan kiɗan, yana jan kalma har ta kusa tsinkewa. A amshi ita ce ke riƙe da sama, shi yana kartar ƙasa. Da mutum biyu masu zaƙin murya aka ba, da tuni an manta da ita tare da ɗaruruwan irinta.

Gaskiya ne cewa an ƙi waƙar da farko?

Ƙwarai. Kusan kowa ya ɗan yatsina fuska. Cocker bai ji daɗin gwajin farko da aka aika masa ba. Chris Blackwell, mai kamfanin Island, wanda ya fitar da Bob Marley duniya ta san shi, bai ɗoki abin ba, domin a shekarar ne kamfaninsa ya fitar wa Cocker kundi mai suna Sheffield Steel, kuma can hankalinsa yake. Cocker yana tsakiyar yawon wasanni ne ma aka ɗauko shi zuwa Los Angeles, ya rera, ya koma bakin aikinsa.

Wanda maganarsa ta fi yawo shi ne Don Simpson, babban jami'i a kamfanin Paramount da ya shirya fim ɗin. An ruwaito cewa ya ce waƙar ba ta da kyau, ba za ta ci kasuwa ba, ya so a cire ta. Hackford ya kafe. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Abin dariyar shi ne, shi Simpson ɗin daga baya ya zama furodusa, kuma finafinansa biyu, Flashdance na 1983 da Top Gun na 1986, kowanne waƙarsa ta kai lamba ɗaya ta kuma ci Oscar. Da alama ya ɗauki darasi.

Wane irin tashe ta yi?

Ta fito a tsakiyar 1982 tare da fim ɗin, ta riƙa hawa a hankali yayin da fim ɗin ke cika sinimomi. Ranar 6 ga Nuwamba 1982 ta hau lamba ɗaya a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta yi mako uku a can kafin "Truly" ta Lionel Richie ta sauke ta. Ta kai lamba ɗaya a Kanada da Ostareliya, a Birtaniya kuma ta tsaya a lamba 7 a farkon 1983. Ita ce kaɗai waƙar Cocker da ta taɓa kai wa lamba ɗaya a Amurka, duk da shekaru fiye da 40 da ya yi yana waƙa.

Fim ɗin ma ya yi ciniki na ban mamaki. An kashe masa ƙasa da dala miliyan 10, ya tara kusan miliyan 130 a Amurka, ya zo na uku a finafinan 1982 bayan E.T. da Tootsie. Waƙar tana tura mutane sinima, sinima tana tura su shagon faifai.

Waɗanne lambobin yabo ta samu?

Golden Globe, da Oscar a watan Afrilun 1983, da BAFTA ta Birtaniya, duk a rukunin waƙar fim mafi kyau. A Oscar ta kayar da "Eye of the Tiger" ta fim ɗin Rocky III, wadda masu motsa jiki har yau ba su huce ba, da kuma "It Might Be You" ta Tootsie. A daren ne Gossett ya karɓi nasa kambun, ya zama baƙar fata namiji na farko da ya ci Oscar a rukunin mataimakin jarumi.

To Cocker da Warnes suna da Oscar ke nan?

A'a. Oscar na waƙa marubuta ake ba, don haka Nitzsche, Sainte-Marie da Jennings ne suka tafi gida da gunkin. Mawaƙan biyu nasu rabon Grammy ne, a rukunin waƙar mutum biyu ko ƙungiya, a 1983. Warnes ta rera waƙoƙi uku da suka ci Oscar, ta Norma Rae, da wannan, da ta Dirty Dancing, amma ko ɗaya babu sunanta a jiki.

Me ya faru da Buffy Sainte-Marie da ake ta magana?

Shekaru da yawa ana ambaton ta a matsayin 'yar asalin ƙabilun farko na nahiyar Amurka ta farko da ta ci Oscar, domin an san ta a matsayin 'yar ƙabilar Cree ta Kanada. A watan Oktoban 2023 gidan talabijin na CBC ya fitar da bincike, ya nuna takardar haihuwa da ke cewa a jihar Massachusetts aka haife ta, iyayenta kuma Turawa ne. Ita ta ce ba ta taɓa sanin ainihin inda aka haife ta ba, kuma wani gidan Cree, zuriyar Piapot, sun karɓe ta a matsayin 'yarsu tun tana budurwa. A farkon 2025 Kanada ta janye lambar girmamawa ta ƙasa da ta ba ta. Wannan rigima a kan asalinta take, ba ta taɓa batun wanda ya ƙirƙiri sautin waƙar ba.

Ita ce ta fara wannan salo na mace da namiji a waƙar fim?

Ba ita ba ce. Shekara guda kafin ta, Diana Ross da Lionel Richie sun yi "Endless Love", wadda ta shafe mako tara a lamba ɗaya. Sai dai nasarar ta 1982 ta tabbatar wa kamfanonin Hollywood cewa waƙa talla ce da ba a biya wa kuɗin iska, musamman da tashar MTV ta buɗe a 1981 tana nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana. Sai aka shiga yayi: "Almost Paradise" a Footloose a 1984, "Separate Lives" ta Phil Collins da Marilyn Martin a White Nights a 1985. Wannan na biyun ma fim ɗin Hackford ne, mutumin yana da kunne. A 1987 Warnes ta sake komawa lamba ɗaya da Bill Medley a waƙar Dirty Dancing, kuma dabarar ɗaya ce, an sake jingina muryarta da ta namiji mai kauri.

Ga mai kallon finafinan Indiya da na Kannywood, mace da namiji suna musayar baiti ba wani labari ba ne, abincin yau da gobe ne. Bambancin shi ne a can jarumi da jaruma ne ke motsa baki suna rawa kamar su ke rerawa. A nan Gere da Winger ba su buɗe baki ba, waƙar daga waje take zuwa, kamar mai sharhi a kan abin da ido ya gani.

Akwai soyayya tsakanin mawaƙan biyu?

Babu. Kafin wannan aiki ba su ma san juna ba. Abin da ke sa mutane tambaya shi ne yadda suke a dandali: Cocker yana karkaɗa hannuwa, yatsunsa na kaɗa jitar da babu ita, jikinsa na fizga kamar mai jin sanyi, ita kuma tana tsaye a natse tana kallon sa da murmushi, kamar yaya da ƙaninta mai rigima. Sun ci gaba da haɗuwa jefi-jefi suna rera ta tsawon shekaru 30.

Wasu sun sake rera ta?

Da yawa. Wadda ta fi shahara ita ce ta BeBe da CeCe Winans, wa da ƙanwa mawaƙan coci a Amurka, waɗanda a 1984 suka sauya kalmar "so" a amshi suka sa "Ubangiji", waƙar ta koma addu'a ba tare da an taɓa sauran ba sosai. Sainte-Marie ma ta ɗauki tata ita kaɗai, a hankali, da jita. An tsakuro amshin a fim ɗin Moulin Rouge na 2001. Wurin masana'antar kuwa an kwaikwaye shi har an gaji, ciki har da zanen barkwanci na The Simpsons a 1990, inda Homer ya ɗauko matarsa Marge ya fito da ita daga tashar lantarkin da yake aiki.

Yaushe suka rera ta tare na ƙarshe?

A birnin Balin na Jamus, a farkon 2013, wurin bikin Goldene Kamera inda aka karrama Cocker saboda aikin rayuwarsa. Jamusawa sun riƙe shi da daraja tun lokacin da kasuwarsa ta yi sanyi a wasu wurare. Warnes ta fito suka rera ta, shi yana dab da shekara 69, gashi ya yi fari, muryar ta ƙara dushewa, hannuwan nan dai ba su daina karkaɗawa ba. Ya rasu ranar 22 ga Disamba 2014 a gidansa da ke Crawford a jihar Colorado, sanadin ciwon dajin huhu, yana da shekara 70. A 2025 aka shigar da sunansa zauren karrama mawaƙan rok da ke Cleveland.